Yadda za ka hau metro daga filin jirgin Dubai ka sauka tashar Baniyas, don ƴan kasuwarmu na Maradi

Ƴan uwa masu zuwa saro Dubai, musamman sabbin shiga, wanga bayani naku ne. Yawancin mutanenmu in sun sauka can unguwa guda suke nufa, wato Deira, wajen Naif da Sabkha da Murshid Bazar, don can ne otel masu sauƙin kuɗɗi suke, can shagunan salula da turare da abaya da takalma suke, can kuma masu kargo sunka taru. A tsakiyar unguwar nan akwai tashar metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, a ƙarƙashin ƙasa sunanta Baniyas Square, amma sai ka ga Alhaji ya yi sati biyu kullum shina wuce bakinta bai taɓa leƙawa ba, daga taksi sai taksi, ko kuma ya zauna otel shina jiran yaron da zai raka shi, kuma yaron nan ba don Allah yake rakiyar ba, shagon da ke ba shi la'ada can zai kai ka ko da akwai mai arha a bayan layi. Ni dai abin nan shina damuna ƙwarai, mutum ya taso tun daga babbar kasuwar Maradi, ya kwana cikin kar har Yamai ko ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya faɗa Kano, ya biya biza ya biya jirgi, sannan ƴar ribar da zai samu ta zube a kan titi don kawai tsoron sauka ƙasa. Wallahi abin bai da wuya, rana guda ta isa mutum ya iya.

Mu fara daga filin jirgi. Wanda ya biyo jirgin Habasha ta Addis Ababa, Terminal 1 zai sauka, masu Emirates su kuma Terminal 3, kuma dukansu biyu akwai tashar metro manne da su. Terminal 2 ce ba ta da ita. A Terminal 1 da kun hito daga jirgi akwai wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da zai kwashe ku ya kai ku inda ake buga paspor, wannan ba shi ne metro ba, na cikin filin jirgi ne kuma kyauta ne. Sai ka gama da masu paspor, ka ɗauki balis ɗinka, ka wuce duwan, sannan ka ɗaga kai ka nemi allon da anka rubuta Metro da hoton jirgi, ka bi kibiya. Kahin ka hita ka canza ɗan kuɗɗi kaɗan, ba da yawa ba don canjin filin jirgi bai da daɗi, na cikin Deira ya fi, kamar dirham 100 dai ta isa ka shiga gari. Ka gyara agogonka kuma, sun riga mu da awa 3, in ƙarfe 9 na dare a Maradi to can 12 ta yi, kuma ƙarfe 12 ɗin nan ne metro ke tashi aiki in ba Juma'a ba, saboda haka wanda jirginsa ya sauka tsakar dare ba shi da zaɓi sai taksi ko ya zauna ya jira asuba, ƙarfe 5 suke buɗewa in ba Lahadi ba.

Ba a biyan kuɗɗi a hannu cikin jirgin nan, ba karen mota ba kowa, kati ne, sunansa Nol. Kala-kala ne amma biyu ne sunka shafe ka. Akwai jan tike na takarda, dirham 2 ake sayen shi sannan a zuba mai kuɗɗin tahiya, wannan na wanda zai shiga sau guda ko biyu ne ya wuce. Kai da za ka kwana biyu kana zagayen kasuwa ka je gishe ka ce Silver, dirham 25 ne kuma 19 daga ciki kredi ne da za ka yi tahiya da shi. Dirham guda tana yawo tsakanin dala 30 da 34 gwargwadon yadda canji ya kwana, kenan katin wajen jikka 4 ne. Sun raba garin shiyya-shiyya, in tahiyarka cikin shiyya guda ce dirham 3 za a cire, shiyya biyu 5, abin da ya wuce haka 7.5, mai jan tike shi kuma 4 da 6 da 8.5 yake biya. To filin jirgi da Deira duk shiyya guda ce, kenan daga Terminal 1 har Baniyas dirham 3 ne, wajen dala 100 a kuɗɗinmu, alhali taksin filin jirgi tun kahin taya ta motsa mita tana kan dirham 25.

Abu biyu game da katin da nake so a riƙe da kyau. Na farko ƙofa ba ta buɗe maka in abin da ke ciki bai kai dirham 7.5 ba, ko da tasha guda za ka je, saboda haka kar ka bari ya yi ƙasa, da ka ga ya kusa ka ƙara a gishe ko a na'urar da ke tsaye gefen bango, tana karɓar takardar kuɗɗi tana ba da resi. Na biyu kowa da katinsa. Alhaji ba zai buga ya wuce ya miƙo ma Hajiya ta baya ta buga ba, ba ya yi, in ku uku ne kati uku za ku saya.

Ƙofar shiga wasu ƴan ƙananan shingaye ne a jere. Ka ɗora katin a kan wurin da ke da alamar Nol, za ta yi ƙara ta nuna maka abin da ya rage, murfin ya buɗe, ka wuce da sauri da balis ɗinka a gaba, kar ka tsaya tsakiya kana maida kati aljihu. In za ka hita a ɗaya tashar ma haka za ka sake ɗorawa, lokacin ne suke lissafin nisan da ka yi su cire. Wanda ya bi bayan wani ya kutsa bai buga ba, in mai duba kati ya tare shi tara ce dirham 200, kuma suna shigowa cikin jirgin da ƴar na'urarsu a hannu.

Layi biyu ne a garin yanzu, ja da kore. Jan anka fara buɗewa ranar 9 ga Satumba 2009, koren kuma 9 ga Satumba 2011, tashar Baniyas tana kan kore, filin jirgi shina kan ja, kenan dole ka canza jirgi sau guda. Jirgin ba ya rubuta sunan unguwar da za ka, sunan tashar ƙarshe yake ɗauka. A filin jirgi gefe guda an rubuta Centrepoint, wannan baya yake yi, ba naka ba ne, ka tsaya ɗaya gefen mai shiga gari, duk wanda ya zo a gefen nan zai bi ta Union. In zuciyarka ba ta kwanta ba ka ce ma ma'aikaci mai inifom "Union?" kawai, zai nuna maka da hannu, ba sai ka iya Turanci ba. Daga Terminal 1 jirgin a sama yake tahiya kan gada kana kallon gari, bayan tasha guda sai ka ga ya sunkuya ya shige ƙasa, waje ya yi duhu, to nan ne gaban wasu ke faɗuwa, ba komai, fitila na nan sanyi na nan. City Centre Deira, sai Al Rigga, sai Union, nan za ka sauka.

Union ita ce inda mutum ke iya rikicewa don babba ce sosai kuma layukan biyu nan suke haɗuwa, mutane na kwararowa ta ko'ina kowa na sauri. Kar ka bi taron da ke hawa sama zuwa waje, kuma kar ka buga katinka a shinge, in ka buga ka hita kenan. Ka tsaya gefe ka bari a rage, ka nemi allo mai launin kore, a kan koren ka nemi inda anka rubuta Creek. Wanda ya tahi wajen Creek shi ne naka, kuma tasha ta farko da zai tsaya ita ce Baniyas Square, ko zama ba sai ka yi ba. In ka ga an rubuta Salah Al Din to ka juya baya, ka sauka ka koma ɗaya gefen, ba a ƙara maka ko dala muddin ba ka hita shinge ba.

Faransanci ba ya aiki a nan, komai da Larabci da Turanci ne, kuma a nan wanda ya yi makarantar allo da islamiyya ya fi ɗan lakwal samun sauƙi, don muryar da ke sanarwa da Larabci take farawa, za ka ji ta ce almahaɗɗatul ƙadima sannan ta faɗi sunan tashar da ke tahe, in kuma ka ji al'abwabu tuglaƙ to ƙofa za ta ruhe, ka janye hannunka da bakin rigarka. Akwai taswira saman kowace ƙofa kana iya bin ta da ido. Jirgin ba shi da direba, na'ura ke tuƙa shi, saboda haka ba wanda za ka ɗaga ma hannu ka ce dakata ga mutum nan tahe. In ƙofa ta fara ruhewa ka ƙyale shi, wani na zuwa cikin ƴan mintoci. In kuma ku biyu ne ɗaya ya shiga ɗaya ya rage, ku yi alkawari tun a sama cewa wanda ya shiga zai sauka tasha ta gaba ya tsaya daidai inda ya sauka har ɗan uwansa ya iso.

Sai maganar matakala mai tahiya da kanta, wanda ya je Makka ya santa a Harami. Tashar Baniyas tana da zurfi, sai ka hau biyu ko fiye kahin ka ga rana. Mai babbar riga ya tattare ta ya saɓa a kafaɗa, Hajiya ta ɗage bakin hijabi da zane da hannu guda ta riƙe roba da ɗayan, don haƙoran matakalar nan suna cin tufa a gefe da kuma wurin sauka. Ka taka tsakiyar tudu guda da ƙafa biyu, kar ka taka kan layin rawaya inda suke rabuwa, ka tsaya dama ka bar hagu ma masu gudu. Dattijo ko mai balis mai nauyi kar ya wahalar da kansa, kowace tasha akwai asansar, kuma ba abin kunya ba ne. Ni in da tsoho muke ko ya ce zai iya asansar nake kai shi.

Cikin jirgin ba ko'ina ake shiga ba. Akwai ɗaki guda a ƙarshe da ake kira Gold Class mai kujerun fata, kuɗɗinsa ninki biyu ne kuma sai mai kati ko tiken Gold, in ka ga wuri fayau ba kowa alhali sauran ya cika to ba sa'a ka yi ba, shi ne, mai Silver in anka same shi ciki dirham 100. Akwai kuma wajen mata da yara, an ja layi ruwan hoda a ƙasa tun daga inda ake jira har cikin jirgin, namiji in ya tsallaka shi ma dirham 100 ne, wajen jikka 16 kenan a banza. Wanga tsari ni ya yi mini daidai, hajiyoyinmu masu zuwa saro su kaɗai su nemi alamar nan su tsaya, ba turereniya da maza. Mace tana iya shiga wajen kowa da kowa ko ita kaɗai ko tare da mijinta, namiji ne ba ya zuwa nasu. In kun rabu ɗaki ku tabbata kowa ya san sunan tashar sauka.

Ba a ci ba a sha a ciki, har cingam, tarar dirham 100 ce, to kai mai goro ka gama da shi tun a waje ka kurkure baki, kuma maganar tofar da yawu ko yar da leda kar ma ta taso. Ba a ɗora ƙafa kan kujera, ba a barci a wurin jira, barcin ma tararsa ta fi, 300 ce. Akwai wani maɓallin tsaida jirgi na gaggawa kusa da ƙofa, wanda ya taɓa shi ba dalili 2000 zai biya, a kula da yara. Kar ka ɗaga salula kana ɗaukar mutane bidiyo don ka tura gida, musamman mata, dokar ƙasar ta hana ɗaukar mutum ba da izninsa ba kuma ba su wasa da ita. Ka ɗauki kanka, ka ɗauki gari ta taga, ya isa.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci gare mu ƴan kasuwa. Metro mutum yake ɗauka, ba ya ɗaukar kaya. Abin da anka yarda ka shiga da shi jaka biyu ce, babba guda da ba ta wuce santimita 81 a tsawo da 58 a faɗi da 30 a kauri ba, sai ƙarama ta hannu. Kwali da dila da buhun Ghana-must-go da anka ɗaure da igiya, ma'aikaci zai maida kai tun daga shinge. Saboda haka a raba aiki biyu. Ranakun farko na zagaye ne, ka ɗauki ƴar sak da littahi da biro, ka hau metro ka ga kasuwa uku huɗu a wuni guda, ka tambayi farashi, ka karɓi katin shago, ka rubuta a bayansa abin da anka ce maka da tashar da ta fi kusa da shi. Ranar saye kuma mai shago shi zai tura kayan wurin mai kargonka, ko ka ɗauki masu tura amalanke da ke cike da lungunan Naif, ka bi su da ƙafa har ofis ka karɓi resi ka ga an rubuta sunanka da lambarka a jikin kowane kwali. Wanda ya zagaya da ƙafarsa ya ji farashi a wuri biyar, in ya zauna ciniki mai shago da kansa shina gane cewa wannan ya san gari.

Kuma daga Baniyas kasuwannin a jere suke kan koren layi kamar ƴaƴan tasbaha. In ka hito sama filin Baniyas ne, tsofaffin ƴan Dubai har yanzu Nasser Square suke ce mai, shagunan salula da kayan gyaranta sun kewaye shi, Naif da Sabkha tahiyar ƙafa ce. Tashar tana da ƙofa fiye da guda kuma kowace titinta daban, to ranar farko ka tambayi mai otel wace ce tasu, in ka hito ka juya ka ɗauki hoton ƙofar da ginin da ke kusa da ita, don da dare in fitilu sun kama duk lungunan kama suke yi da juna. Gaba da Baniyas sai Gold Souq, sai Al Ras, nan ne kasuwar zinare ta tsohon gari da ta kayan ƙamshi da masu sarin kayan abinci suke. Daga Al Ras jirgin zai bi ta ƙarƙashin ruwan Creek ya ɓullo Al Ghubaiba a Bur Dubai, ɓangaren masu yadi da atamfar Indiya, kai ba za ka ma san ka ƙetare ruwa ba. Mai son ganin ruwan da idonsa ya dawo ta kwalekwalen abra, dirham 1 ne, shi a hannu ake biya. A Al Ghubaiba akwai babbar tashar bas mai zuwa Abu Dhabi da Sharja, a Union ma akwai na Sharja inda masu kayan gyaran mota ke zuwa, kuma katin nan naka na Nol shi ne dai za ka buga a bas ɗin. Dragon Mart ce metro bai kai ba tukuna, sai ka bi jan layi har Centrepoint ka kama bas ko taksi daga can, sabon layi mai launin shuɗi da suke ginawa zai bi ta wajen amma sai 2029 sunka sa za a buɗe shi.

Lokaci ma a duba shi. Da sahe daga wajen 7 zuwa 9, da marece daga 5 zuwa 8, ma'aikata ne ke tahiya da dawowa, Union takan cika har sai ka bar jirgi guda ko biyu sun wuce kahin ka samu wurin sa ƙafa, in ba dole ba ka bari sai hantsi. Shaguna da yawa a Deira suna ruhewa bayan azahar su buɗe wajen la'asar su kai dare, saboda haka tsakar rana ita ce lokacin doguwar tahiya a cikin sanyin jirgi, musamman watan Yuli da Agusta da zafin can ke haɗuwa da gumin teku, ba irin busasshen zafinmu na Afrilu ba ne, minti goma a waje riga ta jiƙe. Hutun sati a can tun 2022 ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin wuni ce ga ma'aikatan gwamnati, kuma ranar Juma'a metro shina kaiwa ƙarfe 1 na dare.

In ka manta wani abu cikin jirgi, salula ko jaka, kar ka hau wani jirgin kana bin shi, ka je gishen tashar da kake ka faɗa musu lokacin da ka sauka da gefen da jirgin ya nufa, ko ka kira hukumar sufurinsu RTA a 8009090. Kuɗɗin saro dai kar su zauna aljihun baya ko aljihun gefe na riga, a sa su ciki, garin akwai tsaro amma cunkoso cunkoso ne.

Ranar komawa in kayanka duk sun bi kargo, daga kai sai balis guda da ƴar jaka, hanyar nan dai za ka juya, daga Baniyas ka hau kore tasha guda zuwa Union, ka koma ja wanda anka rubuta Centrepoint, ka sauka Terminal 1 ko 3 gwargwadon abin da ke kan tikenka, ka duba shi tun a otel. In jirginka na sahiyar Lahadi ne kar ka dogara da metro, ranar sai ƙarfe 8 yake fara aiki, ka sa mai otel ya kira maka taksi tun da dare. Katin kuma kar ka yar, shekara 5 yake yi, abin da ya rage ciki shina nan, ka sa shi cikin paspor sai tahiya ta gaba in Allah ya kai mu.